Dorinar da Ta Riga Ni Zuwa Kasuwa

Wata huɗu ina ɓoye da ita
a gwangwanin madara, bayan buhun gawayi,
a shagona na Domayo, nan Marwa,
inda kogi ke kwance ba ruwa, sai yashi da sawun awaki.
Dorina ce, tsawonta bai kai babban yatsa ba.
Tsohuwar tukunyar Inna Dudu na narka na zuba ta,
na fere haƙoranta da tsinken keke.

Wasan nawa kun san shi, Tsallake Kogi:
allo guda, shuɗin ruwa a tsakiya,
mai auduga, mai babur, mai tallan kindirmo,
kowa na son ƙetarewa kafin ambaliya.
Shekara uku yara da masu furfura
suna jefa wuri a kansa a gindin darbejiya.
Na ce bana zan sako musu dorina
ta kife kwalekwalen duk mai gaggawa.
Litinin, na ce, ranar babbar kasuwa,
zan yaye ƙyalle in ga bakuna a buɗe.

Ran Alhamis sai ga Bakari mai shayi
ya miƙo mini waya yana danne dariya.
Hoto ne dishi-dishi, an ɗauka a gurguje:
ga gefen gwangwanina, ga rabin wani yatsa
mai tabon ƙuna.
Na san yatsan.
Ni na ɗaure shi da tsumma bara,
ranar da Tanimu ya taɓa narkakken ƙarfe.

Kafin la'asar hoton ya sauka Garwa,
ya kwana Kusiri, ya haye Injamena.
Wani ya ce alade ne,
wani ya ce jaka ce mai tsohon ciki,
wani ya rantse dubu biyar zan sayar,
ni da ban ma yanka mata kuɗi ba.

Na kwana ina juyi a tabarma.
In ƙaryata? In ce ba tawa ba ce,
'yar da na haifa a bakin wuta?
In yi shiru, jakar ta zauna a bakin mutane?
An ce magana zarar bunu ce.
Hoto ya fi ta, shi da rufin ɗakin yake tafiya.

Da asuba Tanimu ya shigo, gaisuwarsa a ciki,
ya hau sharar inda ya riga ya share.
"Mutum ɗaya na tura wa," ya ce. "Ɗaya tak."
Na ce, to, ɗayan nan yana da dangi.
Na miƙa masa dorinar. Wanke ta,
kai ta hasken ƙofa, ka tsayar da hannunka.
Tunda ka fara, ɗauke ta yadda take,
haƙora, kunnuwa, da ƙwayar idon nan
da ta cinye mini kwana tara.
Ka rubuta a ƙasa: Ba jaka ba ce. Litinin. Dubu da ɗari biyar.

Litinin ta zo. Ba wanda ya buɗe baki.
Sun riga sun gan ta. Suka juya ta a tafi,
suka yi ciniki kamar masu sayen albasa.
Na sayar da talatin da ɗaya.
Daɗin bai kai ba, haushin ma bai kai ba.

Sai wata yarinya, Asabe, da gidansu ba waya,
ta leƙo ta ƙarƙashin hammatar wanta,
ta ƙwala ihu, ta ja da baya
har ta taka tiren Bakari.
Ihun nan na ɗauka na sa a aljihu.

Akwai wani abu kuma a aljihun, mai sanyi, mai ƙaya.
Jiya na bar jelarsa ta leƙo da gangan.
Tanimu ya kalli jelar, ya kalli wayarsa, ya kalle ni.
Na ce, jelar kaɗai.
Kuma ka bar hannunka ya ɗan yi rawa.